Kada ka saki reshe ka kama ganye: magana ga ƴan biɗarmu na Saudiyya da masu zuga su

Yau maganarmu za ta ɓata wa wasu rai, kuma mun sani. Amma mun gaji da jin saƙon murya iri ɗaya yana yawo daga waya zuwa waya: "Kai dai ka gudu, an samo maka aiki, albashi ninki biyu." Mai faɗin haka yana zaune gindin bedi a Tamaske ko a shagon shayi a Bangi, bai taɓa riƙe igama a hannunsa ba. Wanda ya ji maganarsa kuwa, shi ne ke kwana Tarhil.

Mu mutanen Adar ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu sun yi cin rani, iyayenmu sun yi biɗa Abijan, Legas, Kamaru da Libiya. Har aikin farfaɗo da ƙasa na Projet Keita, wanda anka fara a 1984, mata ne sunka ɗauki kaso babba na duwatsunsa saboda maza suna waje. A waccan biɗar, mutum da kansa yake. In tallan shayi bai karɓe ka ba a Ajame, gobe ka koma turin amalanke ko yankan farce, ba wanda za ka nemi izininsa. Wannan sabo shi ne yaranmu ke ɗauka su tafi da shi ƙasashen Larabawa, kuma shi ne ke kai su ƙasa. Can zamanka a ƙasar ɗaure yake da sunan wanda ya kawo ka, wato kafili. Igamarka, katin zaman ƙasa, ta hannunsa ake fitar da ita, ta hannunsa ake sabunta ta. Barin aiki a can ba sauyin shago ba ne. Ranar da ka zaɓa ka bar shi, ita ce ke yanke ko za ka dawo gida da kuɗi ko da ledar tufafi.

Mu fara da ƙaryar da ta fi yawo, wadda ke cewa "an soke kafala, kowa ya zama ɗa." Ga abin da ya faru. A watan Nuwamba 2020 hukumar ƙwadago ta Saudiyya ta sanar da gyaran doka, ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021. Gyaran ya ba ma'aikacin kamfani damar komawa wani kamfani ba tare da yardar kafili ba, in kwantaraginsa ya ƙare. In bai ƙare ba, sai ya cika shekara guda da shigowa ƙasar, ya kuma ba da sanarwa, wadda anka tsayar kwana 90 lokacin da gyaran ya fara. Duk wannan ta manhajar Qiwa ake yin sa: sabon kamfani ya aiko tayin aiki, ma'aikaci ya amince, a sanar da tsohon kamfani. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, ƙofa ce mai makulli da lokacin buɗewa, ba katangar da ta faɗi ba. Na biyu, gyaran bai haɗa da ƴan aikin gida, direbobin gida, masu aikin lambu da gona, da makiyaya ba. To mu tambayi kanmu tsakani da Allah: ɗiyanmu da ke tafiya, da wace biza suke tafiya? Da yawa direban gida ne, ko kiwon tumaki da raƙuma a sahara, ko aikin gida ga mata. Mai aiko maka saƙon "an soke kafala" bai ma tambaye ka abin da anka rubuta a igamarka ba.

Don haka tambayar farko kafin ka motsa: mene ne sana'ar da ke rubuce a katinka? In ma'aikacin kamfani ne kai, dokar ƙwadago da Qiwa ne naka. In ɗan aikin gida ne kai, tsarinka daban ne, manhajarku Musaned ce, kuma ƙa'ida a nan ita ce sai da yardar mai gida ake mayar da kai hannun wani, sai fa in ya karya sharaɗi.

Yanzu mu zo ga lissafi, tunda kuɗi ya kai mu. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadi kuɗin sallama ga ma'aikacin kamfani: rabin albashin wata kan kowace shekara cikin shekara biyar na farko, sannan cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan haka. Wanda ya cika kwantaraginsa har ƙarshe, duka yake karɓa. Wanda ya ajiye aiki da kansa kuwa, in bai cika shekara 2 ba ba ya samun ko riyal guda. Daga shekara 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, sai ya kai 10 sannan ya karɓi duka. Bayan wannan akwai sashe na 77, wanda ya ce duk wanda ya yanke kwantaragi mai wa'adi ba bisa dalilin da doka ta yarda da shi ba, zai biya ɗayan diyya. In ba a rubuta adadinta cikin kwantaragin ba, diyyar ita ce albashin watannin da sunka rage, kuma ba ta gaza albashin wata biyu. Kwantaragin baƙo kuwa a can mai wa'adi ne.

Mu ɗauka yaro ɗan Karofan yana aikin gini a kamfani, albashinsa riyal 1,500, kwantaragi shekara 2. Ya yi wata 20, saura 4. Wani ya ce masa ga aikin riyal 1,800, ya taho yanzu. In ya daure wata 4, zai karɓi sallamarsa riyal 1,500, ya koma sabon wurin ba wanda ke bin sa komi. In ya fita yau, sallama ta tafi, kuma tsohon kamfani na iya neman diyyar wata 4, riyal 6,000. A haɗa, 7,500. Ƙarin da ya samu a sabon aiki 300 ne a wata. Sai ya yi wata 25 yana aiki kafin ya mayar da abin da ya zubar saboda rashin haƙurin wata 4. Wannan fa ga wanda ya bi hanyar doka kenan. Shin mai zuga shi ya taɓa yi masa wannan lissafin? Manomin albasa na Sabon Gida ya san cewa wanda ya tone albasarsa kafin ta ƙosa, don ya ji an ce farashi ya tashi, ruɓaɓɓa zai kai kasuwa. Ilimin da muke da shi a fadamar Tarka, me ya sa muke barin sa a filin jirgi?

Wanda bai bi doka ba kuwa, ya sulale da dare ya tafi wurin wani, nasa ya fi muni. Kafili zai kai rahoton cewa ya bar aiki, abin da ƴan uwa ke kira hurub. Tun watan Oktoba 2022 an sassauta wa ma'aikatan kamfani: bayan rahoton ana ba mutum kwana 60 ya samu sabon kamfani ya koma hannunsa bisa ƙa'ida, ko ya nemi bizar fita gaba ɗaya. Ƴan zuga sun mayar da wannan hujja, suna cewa "ai kana da wata biyu." Kwana 60 igiyar ceto ce ga wanda ya faɗa rijiya, ba dalilin tsunduma ba. In sunka ƙare ba ka daidaita ba, sunanka ya shiga jerin masu gudun aiki. Daga nan ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba aiken kuɗi da sunanka, ganin motar ƴan sanda gabanka faɗuwa yake. Ranar da anka kama ka, sai gidan tsarewa irin na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki zanen yatsunka, a ɗora ka jirgi, a rufe maka ƙofar komawa aiki. Albashin da kake bin kafili bashi, wa zai tsaya ya karɓo maka? Manyanmu ba su manta kamen 2013 ba, ba su manta afuwar kwana 90 ta 2017 da kamen da ya biyo bayanta ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kuma wane ne wanga "sabon kafili" da ake yi maka alkawari? Sau da yawa babu shi. Abin da dillali ke sayarwa shi ne abin da suke kira biza hurra: wani ya ɗora sunanka kan kamfaninsa na takarda, kana biyan sa kuɗi duk wata ko duk shekara, kai kuma ka nemi aiki inda ka ga dama. Dokar Saudiyya ba ta san wannan ba. Sashe na 39 ya hana ma'aikaci yi wa wani aiki banda wanda ya kawo shi, ya kuma hana shi aikin kansa. Kenan ka biya kuɗi ka sayi laifi. Ko da kamfanin na gaskiya ne, sai a duba matsayinsa a tsarin Nitaqat, wanda ke auna yawan ƴan ƙasa da kamfani ya ɗauka. Kamfanin da ke cikin ja ba a ba shi damar karɓar sabon ma'aikaci. Zai ce maka "fara aiki, takardu na tafe." Takardun ba su zuwa, kwanakinka na ƙarewa. Doka ɗaya ce a nan: tayin da bai shigo wayarka ta Qiwa ba, hira ce. Kada ka ɗaga ƙafarka daga tsohon wuri sai ka ga sunan sabon a manhaja. Sannan kuɗin mayar da kafala, sabon mai aiki ne doka ta ɗora wa, kamar yadda kuɗin igama da na izinin aiki ke wuyan mai aiki. Wanda ya ce ka kawo jika kaza don "naƙalin kafala", ka tambaye shi aljihun wa za su shiga.

Mun san abin da za a ce mana, kuma masu faɗinsa suna da gaskiya a bakinsu. Za a ce: ku da ke zaune gida kuna wa'azin haƙuri, kun san abin da ake ciki? Akwai kafilin da ke riƙe albashi wata huɗu, wata biyar. Akwai mai ƙwace fasfo ya kulle a akwati. Akwai makiyayin da aka jefa cikin rairayi babu waya, babu mutum, sai tankin ruwa duk mako. Akwai ɗiya mace da ke aiki tun asuba har tsakar dare, wata ma ana neman mutuncinta. Duk wannan gaskiya ne, kuma laifin tsarin ne da ya ɗora rayuwar talaka a tafin hannun mutum guda. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun daɗe suna sukar sa. Ba mu ce kowa ya zauna a zalunce shi ba. Masu cewa "yi haƙuri, haka Allah ya rubuto" ga wanda ake cin guminsa, su ma muna faɗa da su, domin haƙuri da cuta ba ibada ba ne in akwai hanyar fita.

Hanyar kuwa akwai ta, kuma ita ma lokaci gare ta. Ma'aikacin kamfani na iya komawa wani wuri ba tare da jiran shekara ba, ba tare da yardar kafili ba, in an hana shi albashi wata 3 a jere, ko ba a fitar masa da izinin aiki ba cikin kwana 90 da shigowarsa, ko ba a yi rajistar kwantaraginsa ba, ko an bar igamarsa ta mutu. Ɗan aikin gida ma ana mayar da shi wani hannu in an riƙe albashinsa wata 3, ko an ƙi yi masa igama, ko ana ba da hayarsa ga wasu gidaje, ko an cutar da shi, ko an kai rahoton ƙarya cewa ya gudu. Riƙe fasfon ma'aikaci kuma haramun ne a dokarsu. To ku duba bambancin. Wanda aka hana albashin wata 3 ya kai ƙara yana nan a wurin aikinsa, shi ne mai ƙara, kafili ne mai laifi. In ya gudu a wata na biyu, kafili ya riga shi kai rahoto, labari ya juye: shi ne mai laifi, kafili mai ƙara. Zalunci guda ne, mutum guda ne, amma wanda ya fara rubutawa shi ke da rinjaye. Lambar hukumar ƙwadago 19911 ce. Ana fara sulhu, in bai yiwu ba cikin kwanakin aiki 21 a miƙa wa kotun ƙwadago. Haƙƙin aiki kuma ba ya jira har abada, in wata 12 sunka wuce bayan rabuwa da mai aiki, kotu ba ta cika sauraro ba.

In kuwa rai ne ko mutunci ke cikin haɗari, ba lissafin wata a nan, a fita. Amma a nufi ƴan sanda, ko ofishin ƙwadago, ko ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Jidda, ko ofishin jakadanci a Riyad. Kada a nufi ɗakin dillali, wanda zai ɓoye yarinya a unguwa ya riƙa tura ta aikin gidaje yana yankar rabonsa, ba takarda, ba mai tambaya in ta kwanta ciwo.

Masu Katar, naku ya ɗan fi sauƙi. Tun 2020 an cire sharaɗin takardar yardar mai aiki kafin sauya wuri, kuma gyaran ya haɗa har da ƴan aikin gida. Amma can ma sai da sanarwa ta hanyar hukuma: wata guda ga wanda bai wuce shekara 2 ba, wata biyu ga wanda ya wuce. Mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci in mai aiki bai bayar ba. Duk inda ka je dai, takarda ce gaba, ƙafa na baya.

Yanzu mu juyo gida, don rabin laifin namu ne. Wa ke tura yaro ya gudu? Mu. An jinginar da gona an biya kuɗin biza, mai bashi na sallama kullum. Layya ta matso, ba rago. Ƙanwa za ta yi aure, ana son gado da kujeru irin na ɗiyar wane. Maƙwabci ya aza soro da kwano, mu muna nan cikin laka. Sai a ɗauki waya: "Ɗan wane da kunka tafi tare, ga shi yana aiko da jika ɗari biyu, kai mi kake yi?" Yaro ya kwana bai yi barci ba, gobe ya saurari dillali. Ɗan wanen da ake misali da shi, mun ga kuɗinsa a layin Nita ko Al Izza, amma ba mu ga yadda yake kwana da takalmi a ƙafa ba. Iyaye, don Allah, kafin ku tambayi ɗanku nawa zai aiko, ku tambaye shi yaushe kwantaraginsa ke ƙarewa. Ku rubuta watan a bango. Ku tsara bikinku da gininku da biyan bashinku a bayan wannan watan. Biki yana ɗaguwa, hurub ba ya goguwa da roƙo.

Kai kuma ɗan uwa da ke can, ga abin da muke roƙonka. Ka ɗauki hoton kwantaraginka, igamarka da fasfonka, ka aiko gida a ajiye. Ka san ranar shigarka ƙasar, ranar ƙarewar igama da ranar ƙarewar kwantaragi, kwana uku ne daban-daban. Ka sa wanda ya iya Larabci ya karanta maka ko kwantaragin yana sabunta kansa in ba ka yi magana ba, domin wasu sun yi shiru sun wayi gari an ƙara masu shekara. In kana son tashi, ka fara neman sabon wuri wata uku ko huɗu kafin wa'adi, ka ba da sanarwa a rubuce. Asusunka na Absher da na Qiwa su kasance da lambar wayarka, lambar sirri a kanka, kada ka bar wa kafili ko ɗan aikensa. Albashi ka karɓa ta banki ko ta waya don ya bar sawu. Kada ka sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da ke cewa ka karɓi dukan haƙƙinka alhali kuɗin bai shigo ba.

Hukumomi ma muna da magana da ku. Hukumar ANPE ita ce ke da alhakin harkar ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Muna son mutumin Allakai, Garhanga ko Ibohaman ya iya sanin kamfanonin da ke da izinin kai ma'aikata waje ba sai ya je Yamai ba. A liƙa sunayensu a ofisoshin prefe na Madawa, Buza da Keita da na kowace komin, a karanta su a gidajen rediyonmu da Hausa da Tamajak. Sarakuna da limamai, kamar yadda kuke faɗakarwa kan rigakafi da rikicin gona da kiwo, ku sa wannan cikin huɗuba da zaman fada. Dillalin da ya karɓi kuɗin mutane ya tura su da bizar umara yana ce masu bizar aiki ce, a kai shi gaban alƙali, a daina rufa masa asiri don ɗan gari ne.

Ba mu hana kowa neman na kansa ba. Damina wata uku ce, baki kuma shekara yake ci, kowa ya san abin da ke fitar da mu. Kuma sauya aiki haƙƙin ma'aikaci ne, wanda ya samu wuri mafi alheri ya tafi, Allah ya sa albarka. Abin da muke faɗa da shi shi ne tafiya a kan maganar wanda ba zai biya tara ba, ba zai kwana a tsare ba, ba zai fuskanci mai bashin gona ba. Duk wanda ya sake aiko maka da "ka gudu kawai", ka ce masa ya aiko da tayin ta Qiwa. In ya yi shiru, ka gane.

Mai karatu, ka karanta wa wanda bai iya ba, ka ɗauka a murya ka tura wa naka da ke can. Waɗanda sunka yi zaman Saudiyya ko Katar sunka dawo, ku faɗi abin da kunka gani don na baya su amfana, amma ban da kama sunan kowa. Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba su halal, ya maido su gida da mutuncinsu. Amin.